Mabuɗan da Aka Bari a Hannun Yu Tumirah

Duk wanda ya san Pak Kasmuri ya san ba ya iya zama wuri ɗaya. (A wurinmu Pak ake ce wa magidanci, Bu kuma matar aure.) Ko a masallaci, kafin a tayar da salla, za ka ga gwiwarsa tana rawa, hannunsa yana lalube a aljihu kamar ya yar da wani abu. Matarsa, Bu Ngatmi, ta ce shekara talatin da ɗaya suna tare amma ba ta taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Zai kurɓa sau biyu, ya miƙe ya leƙa ƙofa, ya dawo ya tarar ya huce, sannan ya ce ita ce ba ta iya dafa shayi ba.

Sana'arsa yankan mabuɗi da sayar da kwaɗo. Yana da akwatin katako mai taya biyu da yake turowa kowace safiya ya kafa a bakin Lungun Kemuning, daidai inda lungun ya haɗu da hanyar kasuwar kifi, a gefen Semarang da ke shan iskar teku. A saman akwatin akwai injin yanka, da magagari uku, da wata waya da ya jera mabuɗan da ba a riga an yi wa haƙora ba. A ƙasa kuma kwalayen kwaɗuna ne. In ka kawo masa mabuɗi, kafin ka gama gaisuwa ya riga ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya, ya gaya maka ƙofarka tana cijewa in an yi ruwa. Kuma gaskiyarsa, tana cijewa.

Ba da wannan sana'a ya fara ba. Daga wani ƙauye kusa da Purwodadi ya shigo birni yana ɗan shekara ashirin. Ya tuƙa keken ɗaukar mutane wata huɗu ya bari, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ya bari, ya yi tallar ƙanƙara ya bari. Mahaifinsa ya ce wannan ɗa ko a kabari sai an danne shi da dutse. A ƙarshe ya faɗa shagon wani dattijo ɗan asalin Sin, Koh Tjwan, mai gyaran makullai, kuma a nan aka samu abin da ya riƙe shi, domin aiki ne da hannu ba ya hutawa.

Wata rana, a shekararsa ta biyu a shagon, Koh Tjwan ya zazzage kwalin sababbin kwaɗuna a kan tebur, ya zare mabuɗi ɗaya ya miƙa masa.

"Gwada shi a jikinsu duka."

"Koh, ai kowanne da nasa."

"Wane malamin ya karantar da kai haka? Gwada."

Ya gwada. Na farko ya ƙi, na biyu ya ƙi, har zuwa na shida. A na bakwai sai ya ji ƙas, kwaɗo ya buɗe baki. Na goma sha tara ma, da ya ɗan girgiza mabuɗin, ya buɗe.

Koh Tjwan ya ce, "A cikin kwaɗo 'yan ƙusoshi ne huɗu ko biyar, kowacce da tsayinta. Haƙoran mabuɗi su ɗaga su daidai, sai ya juya. A takarda za a iya yin iri dubbai. Amma mai masana'anta ba mahaukaci ba ne. In na araha ne, ya yanka iri talatin ko arba'in, ya koma farko. Aikin ma na sakaka ne, ko haƙori ɗaya ya kuskure, ka girgiza zai wuce."

"To me muke sayar wa mutane ke nan?"

"Barci. Mutum ya ba ka kuɗi, ka ba shi barci, ka rufe bakinka."

Mutane suka ci gaba da samun barcinsu, Kasmuri ya rasa ɗan abin da ya rage masa na natsuwa. Daga ranar bai sake wuce wata ƙofa ba tare da ya kalli kwaɗonta ba, yana tunanin mutum nawa ne ke yawo a garin nan da mabuɗinta a aljihu ba su sani ba. Shi ya sa da ya tara ya buɗe nasa akwatin, sai ya ɗora wa kansa wata doka da Koh bai koya masa ba. Duk kwalin da ya sayo, sai ya gwada kowane mabuɗi a jikin kowane kwaɗo. Waɗanda suka buɗe juna ya kira su tagwaye, ya raba su: ɗaya ya sayar a lungu, ɗayan ya ajiye wa direbobin manyan motoci masu wucewa Surabaya. Shekara ashirin da shida yana haka, ba a taɓa samun ƙofa biyu a Kemuning masu mabuɗi ɗaya ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Bu Ngatmi ma ta ɗauka cikin ƙaiƙayin hannunsa ne.

Za ka ce me ya hana shi sayar musu da mai kyau. Yana da shi, na tagulla mai nauyi, guda huɗu, sun daɗe a rataye har sun yi duhu. Amma a lungunmu teku ce mai gida. Duk wata sai ta hauro ta magudanai ta kwanta a ƙofar kowa, iskarta kuma gishiri ce zalla, kwaɗon da ka sa bana baɗi ya zama jan gari. In ya ɗaga mai tsadan sai a gajarta sunansa yadda aka saba a ce masa, "Pak Muri, in saya wa gishiri abinci mai tsada? Ba ni na kullum." Shi kuma ya ce araha ba ta ado, ya naɗe musu na kullum a takarda. Haka ake yi kowace shekara a goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa ke shirin kulle gida ya tafi ƙauyensu yin Salla.

Kowa yana tafiya ban da Yu Tumirah. Ita ba ta da ƙauyen zuwa, teku ta cinye nasu tun tana amarya, har da masallacin da maƙabartar. Mijinta a nan ya rasu. Ɗanta guda yana aiki a Balikpapan, can wani tsibiri a hayin teku, kullum yana roƙon ta ta koma wurinsa, kullum tana ce masa Kemuning ne ƙauyenta. Faten shinkafa take sayarwa da safe a ƙofar ɗakinta, kuma babu wanda aka haifa a lungun da bai girma da shi ba. Manya da yara Yu suke ce mata, yayar kowa.

To ita ake bar wa mabuɗai, shekara goma sha tara ke nan. Ba ta yi karatu ba, saboda haka kowane mabuɗi tana ɗaura masa ƙyalle mai launi daban ta jefa a gwangwanin biskit. Safe da yamma tana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya, ta ba tsuntsayen keji abinci, ta ba shukoki ruwa, in teku ta hauro ta ɗaga katifun mutane ta ɗora a kan tebur. Ko cokali bai taɓa ɓata ba. In an dawo, wannan ya kawo mata ayaba, wancan sukarin kwakwa, wani busasshen kifi, ta yi wata guda tana rabawa.

A shekarar da abin ya faru, dillalin da ke kawo wa Pak Kasmuri kaya bai zo ba sai ana saura kwana biyar Salla. Ya sauke masa kwali ɗaya na wani sabon iri, ruwan zinariya, da hoton damisa a jiki, guda talatin da shida, ya haye babur ya yi gaba. Pak Kasmuri ya tsaya a rana da azumi a bakinsa ya fara gwajinsa. Mabuɗin farko ya buɗe shida. Ya ɗauka idonsa ne, ya sake. Ya buɗe shida. Da ya gama sai ya tarar kwalin gaba ɗaya iri shida ne kacal. Waɗannan sun wuce tagwaye, zuri'a ce guda. Ya kira dillalin, waya a kashe, ya riga ya hau motar garinsu.

Kafin ya gama share gumi, mutane sun fara taruwa, kowa da tsohon kwaɗonsa da tsatsa ta ci. Na farko Haji Darmaji ne, mai shagon kayan gini, wanda gidansa ne kaɗai mai bene a lungun. Pak Kasmuri ya ciro na tagulla ya miƙa masa da sauri.

"Pak Haji, bana ka ɗauki wannan."

"Kai dai ba ka gajiya. Kwana bakwai zan yi, ba hijira ba. Ba ni mai damisar nan, ya fi kyan gani."

Ya ba shi. Ya ba na bayansa. Kafin jajibere ya sayar da ashirin da uku a cikin lungu, sauran masu wucewa suka kwashe. Yana naɗewa yana ce wa ransa, wa zai gwada mabuɗinsa a ƙofar maƙwabcinsa? Kwana bakwai ne. Bayan Salla zai bi su ɗaya ɗaya ya canza musu a hankali, ya ce ƙarfen ne ba shi da kyau. Da wannan ya tafi Purwodadi, inda ya yi Salla yana zagaye gidan ƙanensa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Kwana huɗu bayan Salla, Haji Darmaji ya dawo da iyalinsa. Kwaɗon ƙofa yana nan a kulle yadda ya bar shi, tsuntsayensa sun ƙoshi, an goge daɓe. A ɗakin sama kuwa an ɓalle durowa, awarwaron zinariya shida na matarsa Bu Haji da sarƙar da ta gada wurin mahaifiyarta sun tafi.

Washegari da hantsi Haji ya zo wurin akwatin, tare da mai unguwa Pak Wiryo, kwaɗon a hannunsa.

"Pak Muri, kai ne likitan ƙarfe. Duba mana. Waya aka sa masa ko dukansa aka yi?"

Pak Kasmuri ya karɓa, ya juya shi, ya leƙa ramin. Babu ƙarzuwa ko ɗaya. 

"Ba a taɓa shi da komai ba. Da mabuɗi aka buɗe shi, aka mayar aka kulle."

Haji ya dubi mai unguwa. "Ka ji ko? Mabuɗi uku ne. Ɗaya a aljihuna, ɗaya a jakar maiɗakina. Na ukun kuwa kowa ya san inda yake."

Sauran maganar tana nan a kan harshen Pak Kasmuri, kalma biyar ko shida ce, ba ta fi ba. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "In ba ka na tagulla?" Haji ya saya, ya bar masa mai damisar a kan akwati. Ranar ce ya sayar da kwaɗo mai tsada karo na farko cikin shekara biyu, kuma bai taɓa jin ƙyamar ciniki irin na ranar ba.

Mutanen lungunmu ba sa zagi. Da ma suna yi da ya fi sauƙi, mutum ya rama ya huta. Murmushi suke yi. Babu wanda ya ce wa Yu Tumirah ɓarauniya. An dai zo an karɓi mabuɗai a tsaye, an ce mata an gode, an koma gida an buɗe akwatuna ana duba kaya. Ayabar da aka zo mata da ita aka cinye a gida. Da safe ta fito da tukunyar fate, mata suka riƙa wucewa suna gaishe ta da ladabi fiye da na kullum, suna cewa yau yara sun ce burodi suke so. Tukunyar ta koma ɗaki a cike. 'Yan sanda suka zo suka yi mata tambayoyi a gaban kowa, suka ɗaga katifarta, ba su ga komai ba, sai aka ce ai mai wayo ba ya ajiyewa a gida. Ana cewa zato zunubi, amma a makon nan babu wanda ya tuna.

Pak Kasmuri kuwa kamar an zuba masa tururuwa a riga. Ya yanka mabuɗai uku a karkace aka dawo masa da su, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai ya bar akwatin ya nufi kasuwar kifi, ya kai tsakiya ya rasa abin da ya kawo shi, ya juyo. Ya kama hanyar gidan mai unguwa sau biyu, sau biyun yana kaiwa ƙofa ya yi sallama ya tambayi ƙarfe nawa. Kowace safiya yana zuwa wurin Yu Tumirah ya sayi fate kwano uku, ya kawo gida ya kasa ci.

A rana ta biyar, da azahar, Bu Ngatmi tana suyar tempe, wainar waken suya, a kasko ta dube shi ta wutsiyar ido.

"Pak, yau ma kwano uku? Ko agwagi muka fara kiwo ban sani ba?"

"Tausayinta nake ji."

"Tausayi ba ya sa mutum ya sa riga a baibai. Tun safe a baibai take, na zuba maka ido in ga ko za ka lura. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Faɗi."

Ya faɗa mata, yana tsaye yana murza gefen labule. Ta kashe wuta.

"Innalillahi. Kana nufin har mabuɗinmu zai iya buɗe gidan Haji?"

"Namu na tagulla ne."

"Au! Mu ka sa mana mai kyau. Sannu da ƙoƙari, maigida."

"Bu, ki saurare ni. In na faɗa, wa zai sake miƙo mini mabuɗin ƙofarsa in yanka? Sana'ar nan ba ƙarfe ba ce, amana ce. Cewa za a yi da ni aka haɗa baki. Shekarata hamsin da bakwai, in koma tuƙa keke?"

"Ita shekararta nawa?"

"Wataƙila a kama ɓarawon. In an kama shi ai shi ke nan, ba sai na…"

"Wa zai kama shi? Waɗanda suka zo suka sha shayin Haji suka tafi? Ni dai ba zan ari bakinka in ci maka albasa ba, kai ka sayar, kai za ka faɗa. Amma ka daina sayo faten nan. Ba sabulu ba ne, ba ya wanke komai."

Bai faɗa ba. Ya ce gobe, gobe ta zo ya ce bayan Juma'a. Ranar Juma'ar da hantsi sai ga Yu Tumirah da kanta ta nufo akwatin, 'yar tsohuwa ƙarama da lema a hannu, tana takawa a hankali saboda ruwan da ya kwanta a lungu. Ya so ya ɓuya, amma akwatin taya biyu ba ya ɓoye mutum.

"Dik Muri, ƙanena, ba ni ƙaramin kwaɗo, na akwatin ƙarfe."

"Akwati kuma, Yu? Ina za ki?"

"Balikpapan. Yaron nan ya saya mini tikitin jirgin ruwa. Talata."

"Haba Yu! Ke da kika ce ko gawarki ba za ta bar Kemuning ba?"

"Na ce." Ta gyara riƙon lemar. "Jiya jikar Pak Wiryo ta taho da kwanonta, uwarta ta ƙwala mata kira daga nesa, ta koma da gudu. Yarinyar da a hannuna aka yi mata wankan farko. Ba yunwa nake tsoro ba, Dik. Gaisuwar nan tasu ce ba zan iya ba."

Ya ciro na tagulla ya tura mata. "Riƙe wannan, Yu. Kyauta."

"A'a, ba ni na kowa da kowa. Me nake da shi da za a sata?" Ta ɗauki ƙarami ta biya, sannan ta ɗago ta dube shi. "Kai kaɗai kake zuwa sayen fate. Ko ba ka faɗa ba, na san kai ba ka zarge ni ba. Allah ya saka maka da alheri, ya rufa maka asiri duniya da lahira."

Da mari ta yi masa da ya fi jin daɗi. Ta juya ta tafi, shi kuma ya ɗauki wani mabuɗi da ba na kowa ba ya yi ta goga da magagari har haƙoran suka ƙare. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga tsoro kuma bai sake shi ba.

Ranar Lahadi ce aka sa taron yafe wa juna na lungu, wanda ake yi kowace shekara in kowa ya dawo daga Salla. Aka kafa rumfa a ƙofar mai unguwa, aka jera kujerun roba, mata suka kawo shinkafa da miyar kaza da kwakwa. Kowa ya sa fararen kaya. Kujera ɗaya ce babu mai ita, ta Yu Tumirah, kuma kowa ya yi kamar bai gani ba. Ladan ya yi addu'a, Pak Wiryo ya yi jawabi a kan zumunci, har ya ce a tashi a yi layi a gaisa. Sai ga Pak Kasmuri a gabansa yana miƙa hannu a ba shi lasifika, mutumin da ko a ɗaurin aure bai taɓa yin magana a taro ba.

Ya zaro kwaɗon Haji mai damisa daga aljihu, ya danna shi ya kulle, ya ɗaga sama.

"Wannan shi ne na ƙofar Pak Haji. Duk wanda ya sayi irinsa a wurina kafin Salla, ya kawo mabuɗinsa."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Pak Muri, talla a wurin yafiya?" Mai unguwa, don ya sallame shi, ya ciro nasa ya miƙa. Pak Kasmuri bai karɓa ba, ya ce ya sa da hannunsa. Pak Wiryo ya sa, ya murɗa. Ƙas.

Wani daga baya ya ce, "Af, Pak Wiryo, ashe kai ne!" Mutum biyu suka yi dariya, suka haɗiye ta. Aka sake kullewa. Na biyu ya ƙi, na uku ya ƙi. Na ladan ya buɗe, bawan Allah ya saki kwaɗon kamar garwashi yana salati. Na wata mai ɗinki ya buɗe. Na mai gyaran babur ya cije, Pak Kasmuri ya ce ya ɗan girgiza, ya girgiza, ya buɗe. Gani ya kori ji.

"Iri shida ne a kwalin gaba ɗaya," in ji Pak Kasmuri a lasifika. "Kuma ba ni kaɗai aka kawo wa ba, garin nan cike yake da su. Duk wanda ya tara mabuɗai shida ya shigo lungun nan ranar Salla, gida ashirin da uku nasa ne. Ya zaɓi mai bene, shi ke nan. Mabuɗin gidan Pak Haji ba uku ba ne. Allah kaɗai ya san yawansu."

Wuri ya kaure. Mai gyaran babur ya miƙe yana nuna shi da yatsa. "Ka sani ka sayar mana?"

"Na sani."

Haji Darmaji ya buɗe baki zai yi magana, amma matarsa ta riga shi motsi. Bu Haji ta tashi ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta keta ruwan lungu da fararen kayanta ta nufi ɗakin Yu Tumirah tana kuka. Mata suka bi ta, maza suka bi mata, aka bar shinkafa tana hucewa a rumfa.

Suka tarar da ita a zaune a kan tabarma, rabin kayan ɗakin an ɗaure a kwali. A nan aka yi layin da ba a yi a rumfa ba. Kowa ya durƙusa ya kama hannunta biyu, ya sunkuyar da kai. Kowanne sai ta ce masa, "Na yafe, ni ma a yafe mini." Bu Haji ta rungume ƙafafunta tana roƙon ta fasa tafiya, Yu Tumirah ta shafa mata kai ta ce za ta duba. Haji da kansa ya durƙusa, abin da ba a taɓa gani ba.

Pak Kasmuri ne na ƙarshe. A gaskiya, lokacin da ya shiga ƙirjinsa sakayau yake, karo na farko cikin kwana tara. Har ya fara jin kansa wani abu, yana tsammanin wata addu'ar. Ya durƙusa ya kama hannunta.

"An ce kai ka wanke ni, Dik Muri."

"Ba komai, Yu."

"Yaushe ka gane kwaɗunan iri ɗaya ne? Jiya?"

Da ya ce jiya, da maganar ta wuce. Amma Bu Ngatmi tana tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannu tana kallonsa.

"Tun kafin Salla, Yu."

Ta ce, "Ranar da Haji ya kawo maka ka duba, ka ce da mabuɗi aka buɗe?"

"Na sani."

"Ranar da na zo sayen na akwati, na yi maka addu'a?"

Ya gyaɗa kai. Ta zare hannunta daga nasa a hankali, ba fushi, ta ɗora a cinyarta.

"Waɗannan sun zarge ni ne don ba su sani ba. Ni ma da ni ce su, wataƙila haka zan yi. Kai kuwa ka san ban ɗauka ba, kana zuwa kana sayen fate kwano uku kana kallon idona. Ka ba ni lokaci, Dik. Ba na son in yi maka ƙarya ranar yafiya."

Ranar Talata Yu Tumirah ta tafi. Ba a kama ɓarawon ba har yau. Abin da ya fi ci wa Pak Kasmuri rai shi ne, sana'ar da ya yi kwana tara yana karewa ba ta mutu ba. An yi wata guda ana wuce akwatinsa ana kau da kai, sannan ƙofar wani ta cije, mabuɗin wata ya karye, aka dawo ɗaya bayan ɗaya, domin babu mai hannunsa daga nan har kasuwar kifi. Yanzu in ka ce kwaɗon araha kake so, sai ya buɗe shi a gabanka da mabuɗin wani kafin ya naɗe maka. Wasu su fasa, wasu su ce ba komai.

Kowace Salla, bayan an sauko daga idi, yana kiran wayar ɗanta a Balikpapan ya ce a ba shi Yu. Tana karɓa. Ya faɗi abin da ake faɗa a ranar, ya roƙi gafarar na fili da na ɓoye, ya jira ta ce ta yafe. Sai ta tambaye shi lafiyar Ngatmi, da ko ruwa ya hauro bana, da wanda yake ba tsuntsayen Haji abinci. Ya amsa duka. Ta ce ya gaida mutanen lungu, ta miƙa wa ɗanta waya. Salla uku ke nan.